Ka gama injiniyan makanikal kana son shiga aikin ma'adinai a Saudiyya? Ga yadda ake bi

Wannan rubutun na ƙannenmu ne 'yan Makka da Jidda da Madina da suka gama karatun makanikal, ko a Ummul Ƙura ko jami'ar Sarki Abdul'aziz ko jami'ar man fetur da ma'adinai ta Sarki Fahad (KFUPM) dake Zahran, ko waɗanda iyaye suka tura Sudan ko Najeriya suka dawo da shahada wato takardar digiri, yanzu ana zaune a gida ana ta tura takardu shiru kake ji. Kowa idonsa na kan Aramco da SABIC, ba laifi bane, amma layin can yayi tsawo, ga kuma ɓangaren ta'adin wato haƙar ma'adinai yana ta buɗewa mutanenmu basu cika leƙawa ba. A 2019 aka kafa wizara wato ma'aikatar masana'antu da ma'adinai, sabuwar dokar zuba jari a ma'adinai ta fara aiki a farkon 2021, sannan a Janairun 2024 hukuma ta ɗaga ƙiyasin arzikin dake ƙarƙashin ƙasar nan daga dala tiriliyan 1.3 zuwa 2.5. Duk wannan dutsen inji ne zai fasa shi ya niƙa shi ya ɗauke shi, inji kuwa sai da mai kula dashi.

Mataki na farko: ka san me ake nema a wajenka

Abinda da yawa basa ganewa shine muhandis makanikal a ma'adini ba zane aka ɗauke shi yi ba. Masu zana injinan suna Finlan da Suwidin da Amurka da Japan. Kai aikinka siyana ne, kula da inji da gyaransa, ya'ani inji ya tashi yayi aiki, in zai tsaya ya tsaya ranar da kuka tsara ba ranar da ya ga dama ba. Masu ilimin dutse su ke cewa ga inda zinari yake, injiniyan haƙa shi ke tsara rami da fashewa, masu sarrafawa su ke kula da sinadari, kai kuma duk wani abu mai juyawa ko mai tafiya a wuyanka yake. In ranka bai kwanta da wannan ba, in kai burinka ofis a Riyad da shimagi a goge, to gara tun yanzu ka nemi wani layin, dan shekarun farko na wannan aikin a cikin ƙura ake yinsu kuma duk wanda ya tsallake su ana gane shi ko bayan shekara goma.

Aikin ya kasu biyu. Akwai manyan motoci da injinan haƙa, irin tifofin Caterpillar 777 masu ɗaukar wajen tan 100, da na Komatsu, da loda da gireda da injin huda dutse na Sandvik ko Epiroc. Sai kuma masana'anta, kirasha mai fasa dutse, bel, injin niƙa, famfunan taɓo, tankuna. Ba lallai ka zaɓa yau ba amma ka san da bambancin, dan a mukabala, wato ganawar ɗaukar aiki, zasu tambaya.

Ka kuma san taswira, abin kunya ne ka shiga mukabala baka san inda ma'adinan suke ba. Babban kamfanin shine Ma'aden, an kafa shi a 1997. Zinari: Mahd az-Zahab a yankin Madina, rami ne na ƙarƙashin ƙasa da aka sake buɗewa a 1988 kuma tun zamanin da can ake haƙa a wurin, sai Duwaihi da Mansura-Massara a yankin Makka can ciki ta gabas, sai Bulga da Sukhaibarat da Al-Amar. Tagulla tana Jabal Sayid, haɗin gwiwa da Barrick. Fosfat yana arewa, Jalamid da Wa'ad ash-Shamal kusa da Turaif. Dutsen alminiyam ana haƙo shi a Ba'isa a Ƙasim, jirgin ƙasa ya kai shi Ras al-Khair dake bakin teku arewa da Jubail. A Najran akwai AMAK masu tagulla da zink. Banda waɗannan ga kamfanonin siminti da masu fasa duwatsun gini ko'ina, kada ka raina su, kirasha kirasha ce ko zinari take fasawa ko farar ƙasa.

Mataki na biyu: takardu

Nan ne hanyarmu ke rabuwa biyu kuma gara a faɗi gaskiya. A unguwa ɗaya a Shari' Mansur zaka samu abokai biyu sun taso tare sun yi makaranta tare, ɗaya yana da jinsiya wato shaidar zama ɗan ƙasa, ɗaya yana kan igama wato takardar zaman baƙo, to hanyarsu ba ɗaya bace.

Abinda ya haɗa kowa shine rijista da Hai'a, wato hukumar injiniyoyi ta Saudiyya. Ba'a aiki da sunan muhandis sai da ita. Darajojinta huɗu ne, muhandis, musharik, muhtarif, mustashar, kai a ta farko zaka fara. Kayi ta tun kafin a kira ka aiki, kada ka bari sai kamfani sun ce kawo lambar udwiyya wato ta zama mamba sannan ka fara gudu. In shahadarka ta waje ce sai an tantance ta tukuna, wannan kuwa yana cin lokaci, ka tanadi asalin shahada da takardar sakamako da tambarin da ake buƙata tun daga ƙasar da kayi karatun, dan komawa neman tambari ɗaya bayan ka dawo wahala ce da kuɗi.

In kana da jinsiya, iska tana bayanka. A 2020 aka yanke cewa kashi 20 cikin 100 na injiniyoyin kamfani su zama 'yan ƙasa, da albashi da bai gaza riyal 7,000 ba kafin a ƙirga mutum, a 2024 aka ɗaga zuwa kashi 25. Kenan suna nemanka kamar yadda kake nemansu. Ka buɗe shafinka a Jadarat, dandalin neman aiki na gwamnati, ka duba Tamhir na Hadaf wato asusun bunƙasa ma'aikata 'yan ƙasa, horo ne a bakin aiki da ake biyan mai digiri riyal 3,000 a wata. Kuɗin kaɗan ne, eh, amma in Tamhir ɗin a warsha wato wurin gyaran injina ne ko ma'adini karɓi, ya fi a baka kujera a ofis kana cike Excel. Ma'aden kuma suna ɗaukar sababbin masu digiri a shirinsu na horo, ka riƙa leƙa shafinsu da kanka kada ka jira wani ya turo maka a WhatsApp bayan an rufe.

In kana kan igama, aikin ya fi tauri. Tun 2018 aka sa sharaɗin shekara 5 na gogewa ga injiniya baƙo da za'a ɗauko, kai kuma da aka haifa anan ko kayi karatu anan ka je Hai'a da takardunka a hannu su faɗa maka matsayinka, kada ka ɗauki fatawar majalisar shayi. Sannan akwai naƙalin kafala, wato mayar da igamarka daga kan mahaifi zuwa kamfani, da gyaran mihina wato sana'ar da aka rubuta a igama ta zama muhandis makaniki. Wannan na biyun kada kayi wasa dashi, wasu ƙananan kamfanoni zasu ce ka fara kawai a haka daga baya a gyara, kayi shekara uku kana aikin injiniya takarda tana cewa wani abu daban, ranar da zaka nemi shaidar gogewa sai ka rasa abin nunawa. Wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce kuma ya sani ana ƙirga shi cikin 'yan ƙasa a lissafin Niɗaƙat, tsarin da gwamnati ke ƙirga 'yan ƙasa a kowane kamfani, ka rubuta wannan a saman takardarka ƙarara, yana buɗe ƙofa.

Ƙannenmu mata, tun 2020 aka cire haramcin aikin mata a ma'adinai daga dokar ƙwadago, duk abinda ke cikin rubutun nan ya shafe ku.

Mataki na uku: ta wace ƙofa zaka shiga

Kowa yana buga ƙofar mai ma'adinin ne, alhali mafi yawan sifanar da ake juyawa a wurin ba ma'aikatansa ke juyawa ba. Akwai 'yan kwangila masu haƙa da masu siyana, akwai kuma wakilan injina, Zahid su ne na Caterpillar, Abdul Latif Jameel suna da Komatsu, ga masu kawo kayan Metso da FLSmidth da famfunan Warman. A ganina, ga yaro sabon fitowa, musamman mai igama, wakilin inji ya fi ko'ina koyarwa. Dalili, zaka ga inji a buɗe har cikin cikinsa, zaka riƙe littafin gyara na asali, za'a tura ka wurare daban daban, kuma masu ma'adinin suna ganin aikinka da idonsu, sau tari daga nan suke ɗauke mutum. Ɗan kwangila albashinsa da masaukinsa basu kai na mai ma'adini ba yawanci, amma shekara biyu a can ta fi shekara biyu a ɗaki kana jiran kira.

Mataki na huɗu: sira zatiyya (CV) da mukabala

Shafi ɗaya, da Turanci, ka ajiye ta Larabci a gefe. Cire duk wani "ina aiki tuƙuru, ina son ƙalubale", kowa haka yake rubutawa. Rubuta abinda hannunka ya taɓa, a tadribi wato horon aiki na jami'a wane inji ka gani an kwance, wane famfo, me ya same shi. In ka taso kana taya kawunka a garejin Sina'iyya rubuta shi, wallahi mudir wato manajan siyana ya fi son wannan akan kwas ɗin intanet goma. Ka sa cewa kana da lasin tuƙi, ka sa cewa ka yarda da zama a wurin aiki da tsarin wardiyya wato aikin karɓa-karɓa, wannan layin kaɗai yana raba ka da rabin masu nema. Harsuna kuma, Larabci da Turanci da Hausa, kasa duka.

A mukabala tambayoyin basa wuce abinda ka karanta, sai dai ta ƙofar baya suke shigowa. Famfo yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a ciki, me ke faruwa? Suna so kace ruwan dake shiga ya gaza, matsi ya faɗi a bakin shiga har kumfa na fashewa akan fanka, sai ka duba bawul ɗin shiga da matata da tsayin ruwa a tanki. Boris yana zafi me zaka fara dubawa? Bel yana karkata gefe ɗaya? Me ya bambanta gyaran da ake yi bisa jadawali da wanda ake yi bisa halin da inji yake ciki? In baka sani ba kace ban sani ba amma ga inda zan fara dubawa, kada ka yi ta zuba. Akwai kuma tambaya ɗaya da bata da amsa biyu: mudir yace a cire dutsen da ya maƙale a bel da sauri ba sai an kashe an kulle ba dan ana asara, me zakayi? Amsa, bazan taɓa ba sai an kulle. Duk wanda yayi kwana-kwana anan ya faɗi.

Mataki na biyar: karanta aƙadi, wato kwantiragin aiki, kafin ka danna

A Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago na intanet, zai zo maka, kada murna tasa ka danna amincewa a tsaye. Duba asalin ratib wato albashi daban da alawus, dan kuɗin ƙarin lokaci akan asalin ake lissafa ƙarin kashi 50 ɗin. Tambayi tsarin hutu, kwana nawa a wurin aiki kwana nawa a gida, ranar tafiya a cikin naka take ko nasu, waye ke biyan mota ko jirgi, ɗaki kai kaɗai ne ko ku nawa. Lokacin gwaji a doka baya wuce kwana 180 duka duka. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar. Ka tabbata an saka ka a Ta'aminat, wato inshorar ma'aikata ta gwamnati, da sunan aikin da kake yi da albashin gaskiya.

Mataki na shida: wata shida na farko

Nan ne komai yake. Abu na farko kwado. Za'a baka kwadonka da makulli ɗaya da kati mai sunanka. Kafin kasa hannu a kowane inji, a kashe shi daga tushen wuta, kasa kwadonka da hannunka, sannan a danna maɓallin tayarwa a gani da ido bai tashi ba. Ba'a aron kwado, ba'a ba wani makulli ya cire maka dan kana sauri zuwa cin abinci. Kuma kashe lantarki ba shine ƙarshe ba, nan ne sababbi ke shiga uku. Bel mai tsawo a tsaye yake amma a ɗaure yake tam da nauyi, in aka saki abinda ya riƙe shi zai zabura. Haidirolik yana riƙe matsi bayan an kashe mota, kada ka taɓa neman inda tiyo ke yoyo da tafin hannu, man yana huda fata ya shiga nama, raunin ƙarami a ido amma yana kai mutum ga rasa yatsa, da kwali ake nema. Bodin tifa in an ɗaga sai an sa masa abin tokare kafin a shiga ƙarƙashi. Injin niƙa in ya daɗe a tsaye kayan ciki suna daskarewa su manne, in aka tayar haka kawai su ɗaga sama su faɗo gaba ɗaya su lalata shi, shi yasa ake fara juya shi a hankali tukuna. Tayar babbar mota kuwa bam ce, ba'a walda a jikin rim da taya a kai ko da an sace iskar. A ma'adinin zinari akwai sayanaid, ana zuba farar ƙasa dan a riƙe pH sama da 10 kada ya koma iskar guba, to kafin ka kwance famfo ko bututu a wannan layin sai an wanke an gwada an baka tasrihi wato izinin aiki a rubuce. Tanki da rami ba'a shiga sai an auna iska kuma da mutum a tsaye a bakin. A fili kuma, ƙaramar mota bata kusantar tifa sai kun yi magana da direban a rediyo ya amsa, daga inda yake zaune baya ganinka sam.

Abu na biyu, bi dutse da ƙafarka. Ka ɗauki zanen masana'anta ka fara daga inda tifa ke juyewa, kirasha ta farko, bel, tarin dutse, injin niƙa, wanda ba komai bane illa turmi da taɓarya da aka mayar ganga mai juyawa da ƙwallayen ƙarfe a ciki, sai famfon taɓo ya tura zuwa abin da ke raba laushi da tsaki, tsakin ya koma niƙa laushin ya wuce tankuna. Kowane inji ka tsaya, karanta farantin dake jikinsa, kilowat nawa, juyi nawa a minti, wane mai yake sha, lambarsa a tsarin kamfani. Rubuta a ƙaramin littafi na aljihu. Ka tambayi kanka wanne ne in ya tsaya komai ya tsaya, wanne ne yake da na ko-ta-kwana. Famfuna da yawa biyu biyu ne, amma injin niƙa da kirashar farko yawanci ɗaya ne tilo, kaga kenan ka san inda hankalin mudir yake kwana.

Abu na uku kuma shine wanda digiri ke hana mutane, fannonin warsha, ya'ani ƙwararrun masu gyara da hannu. Zaka samu dattijo ɗan Filifin ko Indiya ko Sudan ko ɗan ƙasa da ya fito daga kwalejin ma'adinai ta Ar'ar, bashi da digirinka amma yana ɗora hannu akan gidan boris yace maka wannan bazai kai Alhamis ba, kuma bazai kai ɗin ba. A takarda kai ne sama dashi, a ilimin injin nan kai ɗalibinsa ne. Kira shi mu'allim ko ustaz ko ya ammi, riƙe masa fitila, miƙa masa sifana, sa hannu a giris, sha shayi dasu. Mu da aka raine mu da gaida manya wannan bai kamata ya bamu wuya ba, durƙusa wa wada ai ba gajiyawa bane. In suka yarda da kai zasu faɗa maka abinda babu a littafi, in suka ga kana hura hanci zasu barka ka bada umarnin banza su aiwatar maka dashi daidai yadda ka faɗa, kowa yana kallo. Amma girmamawa bata nufin in ya ce a tsallake kwado ka bi shi, anan kai ne zaka tsaya, da ladabi amma ka tsaya.

Duk shatdawun da za'ayi, ya'ani ranar da ake tsayar da masana'anta dan babban gyara, roƙi a saka ka ko da dare ne. Canjin farantan cikin injin niƙa, ɗinkin bel, buɗe giyabos, a nan kake ganin abinda sauran kwanaki yake rufe.

Mataki na bakwai: ka zama mai lissafi, ba mai kashe gobara kawai ba

Bayan ka san injina, abinda zai bambanta ka da fanni shine lissafi da rubutu. Koyi tsarin odar aiki na kamfani, wurare da yawa manhajar kwamfuta mai suna SAP ce, kuma ka dage a riƙa rubuta gaskiyar abinda aka samu, ba "an gyara" kawai ba. Lissafin farko mai sauƙi ne, wata mai kwana 30 awa 720 ne, in inji ya tsaya awa 36 to ya samu kashi 95 cikin 100. Amma kada adadin ya ruɗe ka, tsayawa ɗaya ta awa 36 da aka tsara daban take da tsayawa 18 ta awa bibbiyu, ta biyun ita ke nuna akwai ciwon da ba'a gano ba. Jawo tarihin wata shida, jera matsalolin daga mai cin lokaci zuwa ƙasa, zaka ga uku ko huɗu ne ke cinye yawancin awannin. Ɗauki ɗaya ka bi ta har gindi.

Misali famfon taɓo da boris ɗinsa ke mutuwa akai akai. Ana canzawa yana mutuwa, kowa yace boris ɗin ne jabu. Kai kuma ka tambaya, me ya kashe shi? Ka buɗe ka ga taɓo a ciki. Ta ina ya shiga? Ta wajen shaƙewar shaft. Me yasa take yoyo? Ruwan da ke wanke wurin matsinsa ya gaza na famfon. Me yasa? Matatar layin ta toshe kuma babu ita a jadawalin kowa. Kaga maganin bai kai kuɗin boris ɗaya ba. Rubuta wannan a shafi ɗaya da hoto da awannin da aka ceto ka kai wa mudir, irin wannan takardar ita ke sa a san sunanka.

Ƙasar nan ƙura da zafi su ne abokan gaba, dan haka koyi karanta sakamakon gwajin mai. Silikon da alminiyam sun hau tare, ƙura ce ke shiga, je ka duba filtar iska da tiyo da kilif. Sodiyam ko fotasiyam, ruwan lagireto ne ya sami hanya. Mai ya tsinke, dizal ke zuba a ciki. Ƙarfe yana hawa daga gwaji zuwa gwaji, wani abu na cin kansa. Kuma yanayin hawan ake kallo ba sakamako ɗaya ba. Giris ma yawansa yana kashe boris kamar rashinsa, yana sa shi zafi ya fasa sil, kuma ba'a haɗa kala biyu ba tare da an duba sun dace ba. A girgiza, in ta fito daidai da juyin shaft yawanci rashin daidaiton nauyi ne, in ta fito ninki biyu sai a fara zargin motar lantarkin da famfon da take juyawa basu kalli juna daidai ba. Koyi saita su da leza da hannunka. Ruwa kuma kada ka ɗauke shi banza, wanda ake aiki dashi a Duwaihi daga Ɗa'if ake turo shi, ruwan da aka tace, ta bututu sama da kilomita 400, to yoyon da kake wucewa kullum ka san daga inda ya taso.

Mataki na takwas: zaman kamf

Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a ƙarƙashin rana daga 12 zuwa 3, ka tsara aikin waje da asuba ko dare, kuma kai ne zaka kare yaranka akan wannan. Sha ruwa kafin ƙishi. Ɗan Makka yana ganin ya san zafi, to ya san zafi, sanyin Turaif ne bai sani ba, a hunturu yana sauka ƙasa da sifili, tafi da kayan sanyi na gaske. A Ramadan awannin musulmi 6 ne a rana a doka, ayyuka masu nauyi a mayar dasu bayan tarawihi in tsarin wurin ya bari.

Kewar gida gaskiya ce, za'ayi biki da suna da ta'aziyya baka nan, wata sallar ma a kamf zaka yi ta. Ka zaunar da Hajiya tun farko ka nuna mata jadawalinka dan ta san ranar dawowarka, in maganar aure ta taso a faɗa wa gidan yarinya tsarin aikin ƙarara. Guzurin yaji da kilishi yana gyara abincin kamf. Tuƙi kuma, kada ka sauka daga wardiyyar dare ka kama hanyar awa biyar, hanyoyin nan dogaye ne babu kowa ga raƙuma, kwanta tukuna. Tunda ci da kwana na kamfani ne, albashin farko farko ka tara, kada wata na biyu ka shiga bashin mota na shekara biyar, bashi ne ke ɗaure mutum a aikin da ya kamata ya bari.

Mataki na tara: shahadodi da inda zaka nufa

Kada ka bi kowane kwas da ake talla. Shekarar farko NEBOSH, shahadar kiyaye haɗari a wurin aiki, ta isa in kamfani basu baka makamancinta ba. Ta biyu, matakin farko na nazarin girgiza akan ISO 18436, da na gwajin mai. In ka ƙara gogewa sai CMRP, shahadar ƙwarewa a siyana. PMP, ta gudanar da ayyuka, bari sai ka fara riƙe aiki da kasafinsa. Kafin ka biya daga aljihu tambayi kamfani, mai jinsiya kuma ya duba tallafin shahadodin sana'a na Hadaf.

Wajen shekara ta uku hanya zata rabu, ko tsara siyana, ko bin diddigin lalacewar inji, ko shugabancin warsha, ko sababbin ayyukan gini. In aka fara gina sabuwar masana'anta kuma aka nemi masu tayar da ita, miƙa sunanka, ganin inji tun daga akwati har ya fara juyawa ba kullum ake samu ba. Wanda ya fara a motoci ya nemi ko shekara ɗaya a masana'anta, na masana'anta ma haka.

In zaka canza kamfani kada ka tashi kafin shekara biyu, dan wanda yayi murabus ƙasa da haka bashi da komai a kuɗin ƙarshen aiki, daga biyu zuwa biyar sulusi ake bashi, asalin lissafin kuma rabin albashin wata ne akan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata bayan haka. Kafin ka miƙa takarda karɓi shahadar khibra wato shaidar gogewa mai ɗauke da sunan aikinka da ranar farawa da ta gamawa, ka sabunta bayananka a Hai'a, mai igama kuma ya tabbata sabon kamfanin sun turo buƙatar naƙali a Qiwa kuma an rubuta mihinar daidai kafin ya kwashe kayansa daga kamf.